Barkono a Cikin Lagireto

Wata bakwai ke nan da ɗaura auren Hassia da Youssouf, amma har yanzu ita tana Bobigny, kusa da Paris, a gidan gwaggonta Hajiya Kadidiatou, shi kuma yana Lyon, a unguwar Minguettes, ɗaki ɗaya da gwauraye uku. Duk mai gidan hayar da suka tuntuɓa abu guda yake tambaya: takardar aiki ta dindindin. Youssouf bai da ita. Abin da yake da shi gwaji ne na wata biyu a garejin wani Bature, Mushe Girard, wato Malam Girard, mai gyaran tsofaffin motoci. Ranar Asabar gwajin zai cika.

Ranar Alhamis da la'asar Hassia tana shagon Hajiya a unguwar Barbès, cikin Paris, tana ninke shadda, jirgin metro yana wucewa ta bisa kansu yana girgiza gilashin ƙofa, sai ga kiran Youssouf. Tun daga sallamarsa ta gane ba lafiya ba.

Ya ce, "Motar nan ce. Wadda patron, mai garejin, ya danƙa mini tun ranar da na fara."

Ta san motar, don ya sha ba ta labari. Babbar motar sojan Ingila ce ta zamanin yaƙin duniya na biyu, ita za ta shige gaba a jerin gwanon da za a yi ranar Asabar don tunawa da ƙarewar yaƙin. Youssouf ya tayar da injinta, ya gyara birki, ya yi fenti. Sai ga shi da safiyar nan lagireto ya fara zubar da ruwa, tsatsar shekara tamanin ta ci shi. An aika a kawo wani daga Ingila, an ce sai ranar Litinin zai iso.

"Patron bai yi faɗa ba," in ji Youssouf, "amma tun safe bai dube ni ba. In Bedford ɗin nan ba ta fita jibi ba, ni ma na fita ke nan."

Hassia ta ce, "Bedford sunanta?"

Daga lungun shago aka ce, "Wa ya ce Bedford?"

Kakanta ne, Baba Bukari. Wata biyu da suka wuce aka kawo shi daga Maradi don a yi masa aikin ido. Ya ƙi zaman gida shi kaɗai, saboda haka kullum ana tahowa da shi shago, a ajiye masa kujera kusa da ɗaurin atamfofi. Tsohon direba ne, kuma labarinsa bai wuce na mota. 'Ya'yan Hajiya da sun ji ya fara sai su toshe kunne da wayar jin kiɗa. Hajiya ma takan ce, "Baba, mun ji wannan." Hassia kaɗai ke zama ta saurara, musamman in tana ɗiga masa maganin ido, don ita da ma ba mai yawan magana ba ce, sauraro ya fi mata sauƙi.

Ta gaya masa abin da ya faru. Ya gyara zama.

"Ɓulewar babba ce ko tsiyaya? Tambayi ɓarawon matata."

Haka yake kiran Youssouf, don a wasan jika da kaka Hassia matarsa ce, Youssouf ya zo ya ƙwace. Ta tambaya, aka ce tsiyaya ce, ɗis ɗis, amma in injin ya yi zafi sai ta ƙaru.

Baba ya ce, "Wannan ba ciwo ba ne, mura ce. Ku kai ni."

Hajiya ta ajiye almakashi. "Baba, Lyon fa ba Tibiri ta bayan Maradi ba ce. Ido ɗaya a rufe za ka tafi gyaran mota?"

"Da ido nike gyara? Da kunne nike gyara."

Da ma Hassia tana da tikitin zuwa Lyon ranar Juma'a. Ta daɗe tana murza bakin mayafinta kafin ta iya cewa, "Gwaggo, zan kula da shi. Ba zan manta da maganinsa ba." Hajiya ta dube ta da mamaki, don ba ta taɓa jin yarinyar ta roƙi wani abu ba. Daga baya ta ce to, su je, amma kada ya kusanci hayaƙi. Ta haɗa wa surukinta tsaraba: kilishi, daddawa, da ƙullin garin barkono ɗan Diffa wanda ko buɗe shi aka yi sai an yi atishawa. Baba ya ce a sa barkonon a sama, kada a danne shi a ƙasan jaka.

A cikin jirgin ƙasa Baba bai yi barci ba. Ya ce gudun ya yi kyau, amma bai yarda da motar da ba a ganin direbanta a gaishe shi ba. Daga nan ya shiga labarin da Hassia ta ji sau ba adadi: yadda mahaifinsa, Mika'il, mutumin Katsina, ya shiga sojan Ingilishi aka kai shi yaƙi ƙasar Bama, ya tuƙa irin waɗannan motoci cikin taɓo da ruwan sama, yadda bayan yaƙi aka yi gwanjonsu, 'yan kasuwa suka saya suka yi musu bodin katako, yadda shi Bukari ya koyi tuƙi a kan ɗaya daga cikinsu, yana ɗaukar gyaɗa tsakanin Maradi da Kano.

"Wata rana a dajin Jibiya lagireto ya ɓule mana," ya ce. "Ba gari, ba maƙeri."

Hassia ta ce, "Sai ka karɓi garin barkono a wurin wata mata mai zuwa biki."

"Ashe kina ji."

Sai a lokacin ta gane dalilin da ya sa ya ce a sa ƙullin a sama. Ta tuna Turawan da take gani a shago, waɗanda ko ɗinki ya karkace kaɗan sai sun dawo da kaya.

Garejin yana bayan Vénissieux, a gefen Lyon, wani dogon rumbu mai cike da tsofaffin motoci. Youssouf ya tarye su a ƙofa da shuɗin kayan aiki, ya durƙusa ya gaida Baba, ya saci kallon matarsa. Mushe Girard ya fito yana goge hannu da tsumma, gajere ne mai furfura da jan hanci. Ya gaishe su da ladabi, amma hankalinsa na can kan motar.

Motar tana tsaye a tsakiyar rumbun, koriya shar, mai faɗin goshi da manyan tayoyi. An ajiye kwano a ƙarƙashinta, ruwa yana ɗiga a ciki.

Baba ya saki hannun Hassia. Bai tambayi kowa ba, ya zagaya ta dama, ya laluba ya kama marikin ƙofa, ya buɗe, ya ɗora hannu a kan sitiyari. Mushe Girard ya daina goge hannu. Ya ce wa Youssouf wani abu da Faransanci, Youssouf ya fassara: shekara goma motar nan tana garejin, duk wanda ya zo kallonta ta hagu yake nufa yana neman sitiyari, wannan tsohon ne na farko da ya san inda direba yake zama.

Baba ya ce, "Gaya mashi a nan na girma. Kafin Nijeriya ta canza hannu, duk direban kirki ta nan yake shiga."

Hira ta ɓarke, Youssouf yana tsakiya yana juya magana. Mushe Girard ya ce an ƙera ta a 1943, ta sauka gaɓar Normandie da sojan Ingila, bayan yaƙi wani manomi ya saye ta yana ɗaukar itace. Ya ce kakanninta na yaƙin farko ma tayoyinsu ba iska, roba ce zalla, ƙannenta kuma sun je Koriya da Masar. Baba ya ce ƙannen ya gan su da idonsa lokacin yaƙin Biyafara, jere a hanyar Kaduna, amma babu wadda ta kai wannan haƙuri. Ya sa aka tayar da injin, ya kara kunne, ya shafa ƙasan lagireton ya ji wurin da ke tsiyaya. Sannan ya miƙe.

"Amarya, kawo ƙullin nan. Kai kuma gaya mashi za mu zuba mata barkono."

Youssouf ya yi tsuru. Ya sassauta murya duk da Baturen ba ya jin Hausa. "Baba, don Allah. In na faɗi wannan, yau za a sallame ni, ba sai gobe ba."

"To, kana da wata dabara?"

"Babu."

"To faɗi."

Youssouf ya dubi ƙasa, ya ƙi fassarawa. Mushe Girard yana kallonsu ɗaya bayan ɗaya, yana jira. Ruwa yana ta ɗiga a kwano.

Faransancin Hassia na firamare ne, aji huɗu ta yi a Maradi, sauran a bakin kanta ta tsinta. Ko a shago, in Bature ya shigo, bayan Hajiya take ɓuya. Ta tuna ɗakin Minguettes mai gadaje huɗu, da tikitin komawa Paris da ke cikin jakarta. Ta kwance ƙullin, ta miƙa shi gaban Mushe Girard da hannu biyu. Ta ce masa kakanta ya ce a zuba wannan a cikin ruwan. Garin zai bi ruwa ya je bakin ramin, ya kumbura, ya toshe. Ta ce ba gyara ba ne na har abada, na kwana biyu ne ko uku. Ta ce ya taɓa kai mota daga daji har Kano da shi, da buhu sittin a bayanta. Kalmar kumbura ta ɓace mata, sai ta cika kumatunta da iska ta nuna masa.

Mushe Girard ya leƙa ƙullin, ya shaƙa. Atishawa ta kama shi, sau uku a jere, har hularsa ta faɗi. Da ya samu kansa sai ya fashe da dariya, hawaye na zuba. Ya ce kakansa ma ya taɓa ba shi labarin direbobin da ke fasa ƙwai a lagireto, bai taɓa yarda ba. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce ai lagireton ya riga ya mutu, barkono ba zai ƙara kashe shi ba.

Baba bai bari an yi gaggawa ba. Ya sa aka kashe injin aka jira ya huce, don kada tururi ya ƙona wani. Ya auna cokali uku da hannunsa, ya yi bisimilla, Youssouf ya zuba, aka cika ruwa, aka rufe, aka sake tayarwa. Hassia ta ja Baba gefe saboda hayaƙi, kamar yadda ta yi wa Hajiya alkawari. Su huɗu suka zuba wa kwanon ido.

Ɗis. Ɗis. Minti biyar babu abin da ya canza, Youssouf ya fara share zufa. Baba ya ce, "Miya ma sai ta tafasa." Can sai tazarar ɗigon ta fara tsawo. Wani ɗigo ya taru a bakin ƙarfen, ya yi kamar zai faɗo, ya tsaya. Mushe Girard ya durƙusa, ya shimfiɗa farar takarda a ƙasa, ya duba agogo. Minti goma suka wuce takardar tana bushe.

Suka fita gwaji a hanyar bayan gareji. Youssouf yana tuƙi, Baba yana gefensa yana yi masa faɗa a kan giya. "Sau biyu ake taka kuloci, ɗan zamani. Taka, saki, ba ta wuta, sake takawa. Ka sace mini mata, kada ka karya mini mota." Da suka dawo aka leƙa ƙasa, babu ko ɗigo.

Ranar Asabar da hantsi Bedford ta shige gaban jerin gwano, tutoci biyu a goshinta. Mushe Girard ya ba Baba kujerar gaba. Da yake kujerar fasinja tana hagu, mutanen da ke bakin hanya suka ɗauka tsohon mai babbar riga da bandeji a ido shi ne direba, suka yi ta tafa masa. Bai musa ba, har ɗaga musu hannu yake yi. Hassia tana baya a kan bencin sojoji, ta riƙe jarkar ruwa da sauran barkonon a cinyarta ko da za a buƙata. Ba a buƙata ba. Sai dai duk inda aka tsaya, in iska ta kaɗo daga gaban motar, akwai ɗan ƙamshin da ya sa wata tsohuwa ta tambaya ko ana sayar da abinci a ciki.

Da aka koma gareji, Mushe Girard ya shiga ofis ya fito da takardar aiki ta dindindin. Ya ce sabon lagireto zai iso ranar Litinin, kuma sai an wanke hanyoyin ruwan nan kaf an fitar da miyar da ke ciki, shi kuwa ba zai sa hancinsa a wurin ba. Saboda haka dole Youssouf ya zauna. Ya miƙa masa biro. Sannan ya juya wurin Hassia, ya cika kumatunsa da iska kamar yadda ta yi jiya. Ta rufe fuska da mayafi tana dariya.

Suna hanyar tashar jirgi Hajiya ta kira, Hassia ta sa wayar a fili, kowa yana ji.

"Kun ba shi tsarabar?"

"Mun ba shi kilishi da daddawa, Gwaggo."

"Barkonon fa?"

Baba ya karɓe wayar. "Mota ta sha. Kuma ki fara neman mai ninke maki shadda, na sakar wa yaron nan matata."

Youssouf yana tafe a bayansu da takardar a cikin rigarsa, ya riga ya fara kiran wani mai gida da ya ce masa akwai ɗaki biyu da kicin a hawa na shida.