Amfilin da Zai Fito da Muryar Safira

Mika ya dage amfilinsa, akwatin ƙara sauti, shi ne ya haɗiye muryar matarsa. In kuwa Mika ya dage, gara mutum ya je ya yi gardama da bango.

Shekara huɗu ke nan da rasuwar Safira. Abin da ya rage na muryarta a duniya kaset guda ne, wanda aka ɗauka wata Kirsimeti da matan majami'arsu suka yi waƙa, tun masu bi ba su wuce gida goma ba a unguwarsu ta Arlit. Mata tara ne ke rerawa, ɗaya na buga tulu. A baiti na biyu sai Safira ta hau sama ita kaɗai da siririyar muryarta, ta yi layi biyu, ta sauko cikin 'yan uwanta. Wannan wurin Mika ke jira kowace Lahadi bayan sujada. Bara ya fara jin wurin yana dusashewa. Bana ya ɓace gaba ɗaya: tulu na nan, gungun mata na nan, Safira babu.

Da 'yarsa Lydia ta zo hutu daga Damagaram, ko hutawa bai bar ta ta yi ba. Washegari da hantsi ya sa ta tsayar da baburan kabu-kabu biyu, shi ya rungume amfilin, ita ta riƙe kaset ɗin a jaka, suka nufi shagon Attaher a bakin kasuwa.

Attaher Buzu ne mai gyaran kayan sauti. Tun da Turawan ma'adinai suka tattara suka tafi, rabin kayan falonsu a shagonsa suka ƙare, an jera su har rufi. Tsofaffin ma'aikata kan zauna a bencinsa su yi ta musu kan wane inji ya fi wane, don a Arlit duk wanda ya taɓa riƙe sifana gani yake shi injiniya ne.

"Baba Mika, sannu da zuwa. Me ya same shi?"

"Ya daina fitar da siririn sauti. Ina son wanda ya fi shi."

Attaher ya buɗe amfilin, ya gwada nan ya gwada can, ya ɗaga kafaɗa. Sannan ya sauko da wasu baƙaƙen akwatuna biyu daga kanta, ƙarami da babba, ya ajiye kusa da na Mika.

"Naka haɗaɗɗe ne, komai cikin akwati ɗaya. Wannan kuma an raba aikin. Ƙaramin nan, fire-amfili, shi ke karɓar sauti ya gyara shi. Babban ba ya komai sai ba da ƙarfi. Tunda ba gida ɗaya suke ba, gurnanin wutar babban ba ya damun ƙaramin, murya sai ya fito fes. Amma waya ya yi yawa, in ɗaya ya saki ka shiga uku. Naka waya kaɗan, matsala kaɗan."

"Ni ba waya na zo ƙirgawa ba," in ji Mika. "Wanne zai fito da mace ɗaya daga cikin tara?"

"Sai mu ji."

Ba a ji ba nan take, don wuta ta ɗauke. Suka zauna kusan awa guda, Attaher na haɗa shayi, Mika na ta shafa saman ƙaramin akwatin kamar mai tayin rago. Lydia dai na gefe riƙe da jakarta. Ta san sau nawa take maimaita magana a waya kafin babanta ya kama, ta kuma san ba shi da niyyar jin wannan zancen daga bakin kowa.

Da wuta ta dawo aka fara da na Mika. Tulu ya ɗauka, mata suka shiga. A baiti na biyu Lydia ta sunkuyar da kai.

"Kun ji ko?" Mika ya buga cinya. "Babu ita! Sa ɗayan."

Attaher ya sauya wayoyi, ya mayar da kaset baya. Gaskiya akwatuna biyun sun fi. Har tarin wani jariri a bayan majami'a ya fito, da ƙarar bencin da wata ta jingina. Wani mai sayar da batir da ke wucewa ya tsaya a ƙofa ya ce, "Kai, wannan baiwar Allah da murya take!"

Mika ya juya ya dube shi. Ya dubi Attaher. Ya matsa da kujerarsa har gwiwarsa ta taɓa akwatin da murya ke fita, ya kara kunnen dama, ya juya na hagu.

"Ƙara siririn."

"Ya kai ƙarshe, Baba."

"To mayar da nawa."

Aka mayar. Aka sake sa biyun. Sau biyar ana wannan jigila, gumi na ɗiga daga haɓar Attaher. A kunnen Mika duk abu ɗaya ne: tulu, da taron mata can nesa kamar ana waƙa a gidan maƙwabta. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai ji ba ko ranar da likita ya kira shi gefe a kan ciwon Safira, don ran nan akwai wanda zai roƙa.

Attaher ya rage sauti. "Baba, shekara nawa ka yi wajen injin niƙa dutse?"

"Ashirin da shida."

"Abin toshe kunne fa?"

"Ana ba mu." Mika ya shafa wuyansa. "Zafi gare shi. A wuya muke rataye shi, sai in shef, shugaban aikinmu, na zuwa."

Attaher mutum ne da zai iya sayar wa makiyayi yashi, amma ya fara naɗe wayoyinsa a hankali.

Mika ya ce, "Babu wani wanda ya fi waɗannan? Ko a Agadas? Ko a Yamai?"

"Akwai masu tsada. Abin da za su fitar, wannan ma ya fitar. Amfilinka lafiyarsa lau, Baba. Matarka yana ciki."

Mika ya daɗe yana kallon akwatunan uku. Ya zo da shirin yin ciniki, da shirin faɗa in an yi masa tsada, ga shi babu wanda zai yi faɗan da shi. Can ya miƙa wa Lydia hannunsa, tafin a sama.

"Mayar da shi baya, Attaher. Ke kuma, in uwarki ta shigo, ki matsa hannuna. In ta gama ki saki."

Tulu ya ɗauka. Baiti na farko ya wuce. Sai ya ji yatsun Lydia sun damƙe nasa da ƙarfi. Ya rufe ido, ya tattara duk abin da ya rage masa na ji ya aika wajen, bai samo komai ba sai tulu. Yana cikin nema ya ji yatsun sun fara sassautawa.

"Har ta gama?"

"Ta gama, Baba."

"Da ta fi haka daɗewa," in ji Mika. Ya riƙe hannun bai bari ta zare ba.