Ciwon da Mai Fanka Bai Yi Ba

Da sunan Dogo ya fito cikin matasan da ƙungiyar masallacin unguwa za ta kai Umara, ba Dogo mutane suka yi wa murna ba, ubansa Mai Fanka suka yi wa. Duk wanda ya kawo fanka ko dutsen guga gyara sai ya miƙa wa Mai Fanka hannu biyu, ya ce lallai ya iya tarbiyya. Shi kuwa yana karɓa, yana cewa ai ikon Allah ne, da muryar wanda ya san shi ma da hannunsa a ciki. Dogo na can ƙuryar shago yana naɗa wayar koyil, ba wanda ya ko leƙa shi.

Murnar ta tsaya ne ranar taron iyaye. An zaunar da su a ajin yara, kan benci masu matse gwiwa. Jagoran tafiya ya yi bayanin fasfo da allurar rigakafi da girman jakar da jirgi ke karɓa. Can wajen ƙarshe ya cire tabarau, ya ce akwai wata magana mara daɗi. A tafiyar da ta wuce, samari biyu sun fita daga masauki ranar dawowa, suka ce za su sayo tsaraba, kuma har yau ba su gama sayen ba. Saboda haka bana kowane uba zai zo ya tsaya wa ɗansa da bakinsa cewa zai dawo.

Tela, maƙwabcin shagon Mai Fanka, shi ma yana wurin, ko da yake ɗansa na cikin masu jiran wani ya fasa ne. Ya matso ya raɗa masa cewa shi fa ya san irin masu gudun nan. Ba fitinannu ba ne, don fitinanne yana jin daɗin gida, yana da inda yake sauke fitinarsa. Masu shiru ne, waɗanda ake yi wa faɗa safe da yamma suna cewa to.

Mai Fanka ya ce gaskiya ne, Allah ya kyauta. Sai da ya kai bakin titi maganar ta dawo masa. Ya san wani yaro mai shiru. Ya kuma san wanda ke yi masa faɗa safe da yamma, don ko a safiyar ranar sai da ya ce masa hannunsa biyu duk na hagu ne.

Daga nan ya sa ido, kuma mai sa ido ba ya rasa abin gani. Dogo ya share bayan kanta, wurin da rabonsa da tsintsiya tun ana kiran yaron Gajere. Ya ware kusoshi da noti ya zuba kowanne a gwangwaninsa. Fankokin da suka daɗe a jingine, har masu su sun daina gaisuwa, ya bi su ɗaya bayan ɗaya yana tayarwa. Wata rana kuma ya tambayi wani da ya taɓa zuwa can ko irin soket ɗinsu ɗaya ne da namu. Me mai zuwa ibada zai yi da soket? Mai Fanka ya tsaya da sukudireba a hannu.

Bai gaya wa matarsa ba, don ya san kuka za ta fara, kukanta kuma har shagon Tela ake jin sa. Bai tambayi yaron ba, don bai san yadda ake tambayarsa abin da ba na aiki ba. Ya yi tunani ya ga dabara ɗaya ce ta rage: ya mai da gida wurin da mutum zai so ya dawo.

Washegari ya ce masa, "Injiniya, ka karya kuwa?"

Dogo ya waiwaya ya duba bayansa, ya ga ba kowa.

Haka aka fara. Mai Fanka ya bar masa kujera mai jingina, shi ya koma kan tsohon akwatin batir. Ya miƙa masa mitar gwada wuta, wadda a da ko inuwarta ba ya yarda yaron ya taka. Ya kira mai fenti ya ƙara "da Ɗansa" a jikin allon shago. Wuri bai isa ba, sai da aka lanƙwasa rubutun ya gangara ƙasa. Ya ja shi shagon mai hoto suka ɗauka tare, ya dafa kafaɗarsa kamar yadda mai hoton ya nuna, ya ce wa yaron ya sa guda a jakarsa don ya riƙa tunawa da fuskar ubansa. Da yamma, idan ciniki ya lafa, sai ya zauna yana gaya masa wane mai kaya ne ba ya sayar da jabu, wane kwastoma ne ake haƙuri da bakinsa, ina ake ɓoye makullin baya.

Babbar jarrabawa ta zo ranar da Dogo ya haɗa waya baibai a fankar matar wani jami'i. Hayaƙi ya tashi, warin ƙonannen koyil ya cika shagon har Tela ya leƙo. Faɗan ya taso wa Mai Fanka tun daga ciki, cikakke, da farkonsa da tsakiyarsa da misalan 'ya'yan wasu. Ya kai maƙogwaro. Ya riƙe gefen kanta, ya rufe ido, ya dafe ƙirji ya haɗiye shi.

"Ba komai, Injiniya," ya ce. "Kowa na kuskure."

Faɗan da aka haɗiye ba ya narkewa. Abinci ya daina shiga, wando ya fara neman sabon rami a bel. Amma a ganinsa dabara na aiki, don gida ya yi laushi. Matarsa ta daina yi masa maganar rufin kicin da ke yoyo. Shayinsa ya zo ba sukari, miya ba gishiri, nama kuwa sai dai ya gan shi a kwanon yara. Dogo ya hana shi hawa tsani, ya hana shi ɗaga ko da fankar tebur. Ƙanen Mai Fanka da ya yi shekara bai zo ba ya zo ya zauna yana kallon sa, ya ce in akwai abin da ya taɓa yi masa ya yafe. Mai Fanka ya yafe, yana mamakin yadda kirki ke yaɗuwa.

Saura kwanaki kaɗan a tashi, da hantsi, Dogo ya tafi sayo wayar wuta, sai ga Jagora ya shigo shagon a hankali kamar mai shiga ɗakin asibiti. Ya daɗe yana gaisuwa, yana maimaita ya jiki. Sannan ya ce yaro ya je ya same shi jiya, ya ce a cire sunansa, ba zai iya barin mahaifinsa a wannan hali ba. Ya ce shi kam bai taɓa ganin ɗa mai jin ƙai haka ba. Bai riga ya ba wani gurbin ba, zai jira zuwa gobe da la'asar, daga nan sai ya kira na gaba a layi. Keken ɗinkin Tela, wanda ke ta ƙara tun safe, ya yi tsit.

Mai Fanka ya buɗe baki zai ce wane hali, sai maganar ta tsaya. Abin da yake ta roƙo ne aka kawo masa har shago, ba tare da ya tambayi kowa komai ba. Yaro ba zai je ba, balle ya ƙi dawowa. Abin da ake bukata daga gare shi kawai ya yi shiru.

Bai ma tsaya a shirun ba. Ya yi tari, ɗan ƙarami, busasshe. Jagora ya ce sannu, Allah ya sa kaffara ne, ya fita da sanɗa.

Ranar ya rungumi ciwon da gaskiyarsa. Ya koma gida da wuri, ya kwanta a falo, aka sa masa matashi biyu. Sai dai daga inda yake kwance yana hango ɗakin Dogo. Jakar tafiyar da ta yi makonni a buɗe a kan gado an rufe ta, an ɗora a saman kwaba. Haramin da yaron ke koyon ɗaurawa kullum bayan magariba, yana zamewa ƙannensa na dariya, an mai da shi cikin ledarsa. Addu'o'in da yake bita a waya har kowa a gidan ya haddace, ranar ba a ji su ba. Aka kawo abinci, fari fat, ba mai ba gishiri. Matarsa ta zauna a gefensa tana share ido da bakin mayafi, ta ce ta yi magana da 'yar'uwarta da ke aikin jinya, za a fara gwaje-gwaje, kuma daga yau ba shi ba shago sai dai ya je ya zauna.

Ya duba kwanon, ya duba saman kwabar. Ya lissafa cewa in ya ɗauki wannan ciwo, to, ya ɗauke shi ke nan har ya mutu da gaske. Kuma wata rana za a tambaye shi abin da ya hana yaro zuwa ɗakin Allah, ba shi da amsa sai tari. Shi kansa bai san wanne ya fi damun sa ba, tambayar ko gishirin.

Da safe ya riga kowa zuwa shago. Dogo ya iso ya tarar da shi a saman tsani yana kwance fankar sama, ya ruga ya riƙe ƙafar tsanin.

"Baba, sauko don Allah."

"Wa ya ce maka ba ni da lafiya?"

"Ba wanda ya ce."

"To, a ina ka gani?"

Dogo ya sunkuyar da kai. "Baba, na ƙona koyil ka ce ba komai."

Mai Fanka ya sauko ya zauna kan akwatin batir. Ya ce lafiyarsa ƙalau, ko mura ba ya yi. Ya ba shi labarin taron iyaye da masu sayen tsaraba da abin da Tela ya raɗa masa, yana magana yana kallon filaya a hannunsa. Ya ce ya ga an share bayan kanta, an jera kusoshi, ana tambayar soket, shi ne ya zaci wani abu. Yana faɗa yana jin yadda maganar ta zama ta wauta, har ya fara murmushi, yana jiran yaron ya yi dariya su taru su zagi Tela.

Dogo bai yi dariya ba.

"Wato kujerar da allon da hoton, duk igiya ce," ya ce.

"Igiya kuma? Kirki ne, kai."

"Da ka tambaye ni, Baba."

"To, ga shi na tambaya."

Yaron ya murza wata guntuwar waya a yatsunsa. Sannan ya ce akwai wani abokinsa a can, yana aiki a wurin gyaran na'urar sanyaya ɗaki, ya ce masa suna neman mai hannu. Bai ce masa e ba, bai kuma ce a'a ba. Ya gyara shagon ne don in abin ya faru kada ya bar ubansa da tarkace. Da ya ga jikin Baba ya canja sai ya goge lambar abokin, ya je wurin Jagora.

"Ka goge ta?"

"Na goge. Amma na haddace ta."

Mai Fanka ya ji kamar ya taɓa waya mai wuta. Ashe duk lissafinsa daidai ne, karo na farko a rayuwarsa, kuma ba wanda zai iya yi wa alfahari da shi. Ciwon nan shi kaɗai ya riƙe yaron, ga shi yanzu ya warke da bakinsa. Tarin ya sake tasowa, yana nan a shirye a maƙogwaro. Ya san ko yanzu ya sake shi, yaron zai yarda.

"In ka je, za ka dawo?"

"Ban sani ba, Baba. Wallahi ban sani ba. Da na sani da na faɗa maka."

Mai Fanka ya tashi ya kakkaɓe wando, ya ce ya rufe shago. Suka wuce ta gaban Tela, wanda ya ɗago da fara'a ya ce ya jiki. Mai Fanka ya ce jiki ya yi kyau, sai dai a ba na layi haƙuri.

Sun sami Jagora a ƙaramin ofishin ƙungiya, cikin tulin jakunkuna iri ɗaya masu ɗauke da sunayen matasa. Ya yi mamakin ganin mara lafiya da ƙafarsa. Mai Fanka ya ce ciwon ya zo ya wuce, a mayar da sunan yaro. Jagora ya yi hamdala, ya ce saura abu guda, wanda ya san a wurinsu ba wani abu ba ne, amma doka ce.

"Baban Dogo, ka tsaya masa zai dawo?"

Mai Fanka ya juya ya dubi ɗansa. Ya ɗan jira ko zai ɗago, ko zai gyaɗa kai ko da kaɗan ne. Dogo na kallon igiyar takalminsa.

"Na tsaya masa," ya ce.

Jagora ya girgiza masa hannu, ya ce da duk iyaye sun san cikin 'ya'yansu kamar yadda shi ya san nasa, da aikin nan ya yi sauƙi. Ya zaro jaka guda ya miƙa wa Dogo, ya ce ya zo bita da la'asar.

Suka fito. A bakin babban titi motoci sun yi yawa, Dogo ya sauya jakar zuwa hannun hagu, ya kama gwiwar hannun ubansa zai tsallakar da shi. Mai Fanka ya buɗe baki zai ce ya sake shi, lafiyarsa ƙalau. Sai ya tuna yau ya riga ya faɗi haka sau ɗaya. Ya rufe bakinsa, ya bar masa hannun har suka haye.