Sunan Ɗan Fari

Ni na yi tafinta ran nan a ɗakin Likita Nnadozie, cikin 1978, kuma har yau raina kan ɓaci in na tuna.

Asta ta zo daga Bukuru da ɗanta mai shekara huɗu, surukarta Jummare na biye da ita. Yaron ba ya magana, ba ya kallon idon mutum, sai juya murfin kwalba a ƙasa. Tsohuwar ta riga ta yanke hukunci: uwar ce ta lalata shi, da zarar likita ya tabbatar za ta tafi da jikanta ruga.

Likita ya buga cokali a bayan yaron, yaron ya waiwaya. Ba kurma ba ne ke nan.

"Dina, ce mata ta kira sunansa."

Na faɗa mata. Asta ta sunkuyar da kai, ta ce can ƙasa, "Kai, wannan."

Likita ya sake nema, ta kasa. Sai na ga alƙalaminsa ya kama aiki. Wani tsohon littafinsa ya ce ciwon nan, otizim, yana kama ɗan da uwarsa ba ta jansa a jiki. Ga uwa zaune nesa, ta kasa ko ambaton sunan ɗanta. Me kuma zai jira?

"Oga, ɗan fari ne," na ce da Turanci. "Sunan kakansa gare shi. Kunya ce, ba ƙiyayya ba."

"Aikinki tafinta ne," ya ce, bai ko ɗago ba.

To, na yi tafintar. "Asta, yana rubuta cewa ba kya son ɗanki."

Ta miƙe tsaye. "Hammawa!"

Jummare ta dafe baki. Yaron bai motsa ba. Asta ta durƙusa gabansa ta sake kira, ta kama hannunsa, ya zare ya koma kan murfinsa.

Likita ya daɗe yana kallonsu, sannan ya soke abin da ya rubuta. "Ba laifinta ba ne," ya ce. Na maimaita wa tsohuwar da ƙarfi, har sau biyu.

Likita ya tambaya ko yau Asta ta fara kiran sunansa.

Asta ba ta dubi kowa ba. "Kullum in ba kowa a ɗaki ina kiransa," ta ce. "Bai taɓa juyowa ba."