Tarin da Ya Hau Kan Zaituna

Zaituna tela ce a Kurfi, kuma tun tana yarinya aka san ta da yawan tambaya. Lokacin da tari ya kama ta, kakin ya ƙi fitowa, sai da hoton ƙirji aka gane tarin fuka ne. Aka ɗora ta a kan magani. Kullum da safe mijinta Malam Lawal yake miƙo mata ƙwayoyin kafin ya fita kasuwar hatsi, ba ta taɓa tsallake rana ba.

Wata na biyu ya wuce, tarin yana nan. Sai ciwon kai ya biyo baya, mai nauyi, wanda ba ya sauka. Wata rana tana kan keken ɗinki ta ga allurar ta zama biyu. Ta rufe ido ɗaya, allura ta koma ɗaya. Ta buɗe, ta sake rabuwa.

"Malam, zo ka tsaya nan," ta ce. "Kai ma ku biyu ne."

Ya yi dariya. Amma da kwanaki suka tafi wuyanta ya sandare, ta fara kiran ƙanwarta da sunan mahaifiyarsu, dariyar ta ƙare. Ya ɗauki mota suka nufi asibiti a Dutsin-Ma. Likitar da ta karɓe su, Dakta Hawwa'u, ta ɗaga kan Zaituna daga matashi, ta ga ya ƙi lanƙwasa. Nan take ta ce za a ɗebi ruwa daga ƙashin bayanta.

Zaituna, duk da zazzaɓi, ta buɗe ido.

"Likita, kaina ke ciwo. Me ya kai ki baya?"

"Ruwan da ke kewaye da ƙwaƙwalwa shi ne yake gangarowa har baya. Daga ƙasa ya fi sauƙin ɗiba."

Da aka gama ta roƙi a nuna mata kwalbar. Ta zaci za ta ga jini ko ruwa mai duhu, sai ta ga abu garai-garai kamar ruwan randa.

Na'ura ta gano ƙwayar tarin fuka a cikin ruwan, da kuma cikin kakin da aka samu a wannan karon. Dakta Hawwa'u ta zaunar da su ta yi bayani: cutar ta bi jini daga huhu ta kama rigar ƙwaƙwalwa, kuma irin wadda ba ta jin maganin farko ce.

"Wallahi ba ta taɓa fashi ba," in ji Malam Lawal. "Ni nake ba ta."

"Na yarda, Malam. Wani lokaci mutum yana ɗaukar ta ne a haka, ta riga ta koyi taurin kai a jikin wani."

Aka tura su Katsina, inda ake kwantar da masu irin wannan. Magungunan suka canza, suka ƙaru, aka ce za a sha su fiye da shekara. Ma'aikatan suka saba da muryarta. Me ya sa ake auna bugun zuciyarta alhali huhu da kai ne ba lafiya? Me ya sa tafin ƙafarta ke yi kamar ta taka ƙaya? Me ya sa fatarta ta yi duhu? Suka gaya mata ƙwaƙwalwa tana da shinge, ba kowane magani ke tsallakawa ba, masu tsallakawar kuma suna da ƙarfi, dole a riƙa sa musu ido.

Tambaya ɗaya ce ba wanda ya iya amsa mata: a jikin wa ƙwayar ta koyi taurin kai? Tana kwance tana bin mutane ɗaya bayan ɗaya a ranta, masu kawo ɗinki, maƙwabta, 'yan biki. Sai ta tuna Gwaggo Kande ta Wurma, wadda ta yi jinya bara har ta rasu. Gwaggo takan sha magani, tari ya lafa ta ajiye, ya dawo ta koma. Ɗaki ɗaya Zaituna ta riƙa kwana da ita da damina, taga a rufe.

"Malam," ta ce da mijinta, "Zaharaddin ɗan Gwaggo, ranar sadakar arba'in ba tari yake yi ba?"

Malam Lawal ya je Wurma da kansa. Zaharaddin ya ce sanyi ne kawai, ga kuma gero bai shigo gida ba. Sai da Zaituna ta kira shi a waya ta yi ta jero masa tambayoyi, yaushe ya fara, yana gumi da dare, wandonsa ya yi masa yawa, sannan ya ce zai je asibiti.

Irin tata aka samu a huhunsa, amma ba ta kai kansa ba. Shi a gida ya sha nasa maganin, cikin watanni ya gama. Ita kuwa sai bayan shekara da rabi aka sallame ta daga shan magani. Ƙafarta ta hagu ba ta dawo daidai ba, takan ɗan ja ta in ta gaji. Da aka sake buɗe shagon ɗinkinta a Kurfi, Zaharaddin ne ya ɗauko mata keken daga gida a bayan babur ɗinsa.