'Yan Tsakin Zulai

A unguwarmu ta Ceberu kowace mace da launin kajinta. Da zarar kaza ta ƙyanƙyashe, sai mu dama garin rinin da muke rina kaba da shi, mu shafe bayan 'yan tsakin. Shirwa ba ta cika ɗaukar ɗan tsako mai launi ba, sannan kowa ya san nasa. Ni Hajara ja ne nawa tun ina amarya. Binta, matar ƙanen mijina, kore take yi. Maƙwabciyata Zulai kuwa rawaya. Shekara talatin muna haka, ba a taɓa jin kanmu a kan kaza ba, duk da cewa ni ba a shaide ni da haƙuri ba.

Zulai mijinta ya rasu, 'ya'yanta duk sun watse. Abin da ya rage mata a gida shi ne jikarta Mubaraka, wadda aka kawo mata yaye tana da shekara biyu, ta zauna har ta kai huɗu. Tare suke ci, tare suke kwana, tare suke faɗa. Idan ka ji Zulai tana dariya ta bayan katanga, to yarinyar nan ce ta tsokane ta.

Uwar yarinyar, Nafisa ɗiyar Zulai, malamar makaranta ce a Kalgo. Wata Asabar ta zo, ta ciro wani ɗan littafi mai hotuna, ta nuna wa Mubaraka ta tambaye ta launin wata mota. Yarinya ta sa yatsa a baki. Nafisa ta ce sa'o'inta a Kalgo duk sun san launuka, don haka bayan mako biyu za ta dawo ta tafi da ita a sa ta ajin yara.

Da yamma Zulai ta shigo wurina tana huci.

"Hajara, kin ji ɗiyar nan? Wai jikata ba ta san launi ba. Ni da nike rina kaba tun ba a haihe ta ba!"

Na ce, "To ki koya mata mana."

"Haka zan yi. In ta dawo ta iske ta iya, mi za ta ce kuma?"

Fushi take nunawa, amma na san ta. Tsoro ne ya kama ta, tsoron gidan nan ya koma shiru.

Daga ranar gidan Zulai ya zama filin wasa. Ina daka ina jin su. Zulai ta ce, "Ƙawata, kawo mini wani abu ja!" Sai ka ji gudu, sai ga barkono. "Kore fa?" A tsinko ganyen zogale. Wata rana yarinyar ta kawo mata garin ɗorawa a tafin hannu, kafin ta iso ta lashe rabi. Har waƙa suka yi, ana tafi ana tsalle, wanda ya faɗi launi ba daidai ba a yi masa cakulkuli. Zulai da gangan take kuskurewa, don ta ji Mubaraka ta ce mata, "Kaka, ke ba ki san komi ba."

Abin da ban sani ba shi ne, tsohuwar nan ta zarce. Tana da 'yan tsaki tara da uwarsu ta yaye. Ta ga Mubaraka ta fi son su a kan barkono da ganye, sai ta dama rini kala uku, ta sake rina uku ja, uku kore, ta bar uku a rawayarsu. Ta rufe su a cikin gida, ta shimfiɗa fayafai uku masu launi, yarinya tana kamo ɗan tsako tana ɗora shi a kan faifan da ya yi kama da shi. Kafin ta kamo na biyu na farko ya gudu. Haka suke wuni. Ko sau ɗaya Zulai ba ta tuna cewa ja da kore suna da masu su a unguwar ba.

Ranar da Nafisa ta dawo daga Kalgo, da hantsi, na fito ba wa kajina tsaki ban ga ko ɗaya daga cikin 'yan tsakina shida ba. Na duba bayan rumbu, na duba gindin darbejiya. Ina cikin nema sai ga Binta, ita ma nata biyar sun yi ɓatan dabo. Muka ji kukansu daga gidan Zulai. Ashe mai babur ɗin da ya shigo da kayan Nafisa ya bar ƙofa a buɗe, namu suka bi tsakin da Mubaraka ke watsawa kullum suka shige.

Muka yi sallama muka shiga, muka tarar an riga an yi wa Mubaraka jarrabawa ta faɗi. Nafisa na zaune a kan tabarma da littafinta a buɗe. Mubaraka ta ɓuya a bayan kakarta, ta ƙi cewa uffan, don kunyar uwar take ji kamar baƙuwa. Zulai ta lallashe ta har ta gaji. A bakin ƙofar ɗaki ga 'yar jakar kayan yarinyar an riga an ɗaure.

Da ina da hankali da na yi shiru. Amma idona ya faɗa tsakar gida, na ga jajayen 'yan tsaki tara, ni kuwa shida na sani.

Na ce, "Zulai, yaushe kajina sunka ƙaru ban sani ba?"

Binta ta ce, "Yaya, nawa ma takwas nike gani, alhali biyar na bari."

Zulai ta dafa kai. "Wayyo ni. Ni na rina nawa, don yarinyar ga."

"Da launina? Shekara talatin ina ja, yau ki wayi gari ki zama mai ja? To yanzu waɗanne na naki?"

Ta dube su, ta sake dubawa. Rinin iri ɗaya ne, wurin mutum ɗaya muke saye a kasuwar Gwandu, girman 'yan tsakin ma kusan ɗaya. Ba ta iya bambancewa ba. Na fara ɗaga murya, Binta ta kama min, Nafisa tana ta cewa, "Gwaggo, ku yi haƙuri." Zulai ta ce mu kwashe duka mu bar mata rawayan kawai, ita yau ba kaza ce a gabanta ba. Yadda ta faɗi maganar ya sa na ji kunya ta rufe ni.

Sai muka ji 'yar murya daga bayanta. "Ba za a kwashe na Kaka ba."

Mubaraka ta fito, ta manta da uwa, ta manta da littafi. Ta watsa tsaki, suka taru a ƙafarta, ta cafki ɗaya ta ɗaga fiffikensa.

"Wanga ja na, ba shi da komi. Na Gwaggo Hajara na." Ta miƙo mini. Ta kama wani. "Wanga ja na, amma ga rawaya nan. Na Kaka na."

Muka matso muka leƙa. A ƙarƙashin fiffiken akwai ɗan tabo rawaya, daidai girman kan yatsar yaro. Zulai ta buɗe baki. Ashe ranar da aka yi rinin, da ta shiga yin salla, yarinyar ta tsoma yatsa a ragowar rawaya ta bi 'yan tsakin kakarta ɗaya bayan ɗaya ta ɗiga musu. Har faɗa Zulai ta yi mata a ranar don ta ɓata hannu.

Haka ta bi su duka. "Kore, babu rawaya, na Gwaggo Binta. Kore da rawaya, namu." Wani ya kufce ya shige ƙarƙashin turmi, ta bi shi da rarrafe tana cewa, "Kai ja, dawo nan!" Muka yi ta dariya har Binta ta zauna a ƙasa. Kafin a jima na rungumi shida a zanena, Binta biyar, tara suna gaban Zulai. Ko ɗaya ba ta kuskure ba.

Nafisa ta rufe littafinta a hankali. Ta ce, "Wa ya ce ki sa musu rawaya?"

"Ba kowa. Abin Kaka dut rawaya na. In an sa mishi, ba mai ɗauka tai."

Sai ta ɗaga hannunta na hagu sama, ta janye 'yar rigarta. A ƙarƙashin hammatarta ga tabon rawaya nan, sabo fil, da alama da safen nan ta shiga ɗaki ta ɗiga.

"Ni ma ga nawa."

Zulai ta juya wai tana gyara murhu, murhun da ko wuta babu. Ni kaina sai da na share ido da bakin zane, 'yan tsaki suna ta mutsu-mutsu a cikinsa.

Nafisa ta daɗe tana kallon tabon. Sannan ta tashi ta ɗauki jakar nan ta mayar cikin ɗaki, ta fito tana murmushi, idonta jajir.

"Inna, ta zauna har baɗi, lokacin shiga aji ɗaya. Amma ki ɗaure mini garin rinin nan kala uku. Yaran ajina sun gaji da littafi."

Zulai ba ta juyo ba. Ta ce, "Ki tambayi Hajara tukuna, ja nata na."

Na ce na yafe, har Kalgo a kai shi. Mubaraka kuwa tuni ta koma bin wanda ya shige ƙarƙashin turmi, hannu ɗaya a sama don kada tabonta ya goge.