Wanda Ya Ƙone Rumbunan Saminu

Shekara ashirin da bakwai Zakari baduku da Saminu na gidan waya suka yi suna buga dara a gindin gawon da ke bayan kasuwar Filinge. Da an sallame la'asar sai Zakari ya ajiye basilla, ya rufe rumfarsa da tabarma, ya taka zuwa can, ya tarar Saminu ya riga ya share ƙasa ya tona gurabe. Kusan kullum Zakari ke ci. In ya ci kuwa sai ya yi dariya har hularsa ta karkace, ya ce, "Kai dai Saminu, Allah ya yi ka don a ci ka." Saminu ya murmusa, ya sake tsince duwatsunsa.

A shekarar da Saminu ya ajiye aiki ne ɗansa ya aiko masa da babbar waya daga Yamai. A shekarar kuma aka turo wani likitan bisashe mai suna Ibrah, mutum ne ɗan shekara arba'in da wani abu, mai fara'a, ya kama hayar ɗaki a unguwarsu Saminu. Shi ya saka wa Saminu wani wasa a wayar. Wasa ne na kafa gari: ka share fili, ka yi noma, ka cika rumbuna, ka gina ganuwa, ka horar da dakaru, ka ƙulla ƙawance da wasu mutane na gaske da ke riƙe da nasu garuruwan daga ko'ina a duniya. Saminu ya sa wa garinsa suna Kurfai, Ibrah kuma ya kafa nasa dab da shi don su riƙa kai wa juna gudummawa.

Wata ranar Talata Zakari ya iso gindin gawo ya tarar ba a share ƙasa ba. Saminu da Ibrah suna zaune kafaɗa da kafaɗa a kan benci, kawunansu sun kusa haɗuwa, mutum huɗu sun tsaya a bayansu suna leƙe.

"Zakari, zamna kaɗan," in ji Saminu, bai ɗago ba. "Bari in gama rumbun ga."

Zakari ya zauna. Ya tona guraben da kansa, ya jera tsinkayensa, ya jira. Har ladan ya kira magariba rumbun bai ƙare ba. Abin da ya fi tsaya masa a rai shi ne dariyar da ya ji Saminu ya yi, wata irin dariya mai buɗaɗɗen baki wadda bai taɓa jin ya yi ta a kan dara ba.

Daga ranar Zakari ya zama mai wa'azi. Duk wanda ya kawo takalmi gyara sai ya sha bayani: wasan waya ɓata lokaci ne, yana kashe ido, yana mai da dattijo yaro. "Gero na ƙarya, rumbu na ƙarya," yake cewa. "Wa ya taɓa dama fura da geron cikin waya?" A gida ma bai bar matarsa Habsa ta huta ba, har ranar da ta ajiye ludayi ta dube shi.

"Malam, darar da kuke yi, tsinken karan nan ana tuwo da shi?"

"Dara daban. Dara hankali ce."

"To ni dai ban ga laifin waya ba. Abokinka aka ɗauke maka, shi ke ciwo."

Zakari ya ce ita ba ta san komai ba, ya ɗauki butarsa ya fita. Amma maganar ta bi shi har masallaci. Kuma da ya ji Saminu na ce wa mutane, "Ibrah na da kai, wallahi ban taɓa ganin mai dabara irin tashi ba," sai ya ji kamar an zuba masa barkono a ƙirji. Shekara ashirin da bakwai yana cin mutumin nan, bai taɓa yabonsa haka a gaban jama'a ba.

Ya ce wa Habsa zai je Bonkuku sayen fatu. Fatun ya saya, amma ainihin tafiyar wurin ƴarsa Latifa ce, wadda ke koyarwa a lakwal ɗin can, wato makarantar boko. Bayan sun gaisa ta kawo masa ruwa, ya daɗe yana juya kofin kafin ya ce, "Wasannin ga na waya, kin san su?"

Latifa ta danne dariyarta. Ta ɗauko tsohuwar wayarta ta nuna masa iri uku. Na farko na warware ƙulli ne: wasu tubala sun toshe hanya, sai ka tura wannan ka ja wancan har ƙofa ta buɗe. Yatsunsa duk kanta da rini, gilashin wayar ya ƙi jin su, sai da ya gano ƙaramin yatsansa na hagu ne kaɗai ke aiki. Da shi ya buɗe ƙofa tara a zama ɗaya.

"Wanga yana wasa ƙwaƙwalwa," ya ce. "Amma in ka ci, wa za ka yi ma dariya?"

Na biyu kuwa sai ka zama wani mutum, wani maharbi da ke neman ɗan'uwansa da ya ɓata, kana shiga ƙauyuka kana tambaya, kana zaɓen amsar da za ka ba mutane. Latifa ta ce shi ta fi so, don yana sa ta tunanin abin da za ta yi in ita ce. Zakari ya tura mata wayar. "Ni shekarata sittin da ɗaya ina zama Zakari, ban gama ba. Nuna mani na rumbunan."

Ta buɗe masa, ta koya masa yadda ake duba taswira. Bai jima ba ya hango sunan da yake nema, Kurfai, da ɗan garin Ibrah a gefensa. Ya ce ta kafa masa nasa can nesa, bayan wani tsauni, da sunan da ba wanda zai gane.

"Baba, ba za ka shiga ƙawancen Baba Saminu ba?"

"Sai na iya tukuna."

Wata biyu ya yi yana koyo. Tsakanin azahar da la'asar, lokacin da zafi ke korar mutane daga kasuwa, yakan shimfiɗa fata a cinya ya ɓoye wayar a ƙarƙashi. Bai ɓata ƙarfinsa a kan ado ba. Saminu na gina kasuwa da rijiyoyi da lambuna, shi kuwa dawaki kawai yake tarawa. Kuma dole ya yarda a ransa cewa wasan ba na yara ba ne: sai ka yi lissafin abin da abokin gaba zai yi kafin ya yi, kamar dai dara, sai dai filin ya fi faɗi. Da yamma yakan je gindin gawo ya zauna gefe, yana tsaki a fili, yana saurare a ɓoye. A nan ya ji Saminu ya kwashe dakarun ƙofar kudu ya mai da su gabas bisa shawarar Ibrah. A nan kuma ya ji Ibrah zai tafi rigakafin shanu a rugagen Sanam, kwana uku, inda waya ba ta kamawa.

Ranar da Ibrah ya kwana ɗaya a daji, da hantsi, Zakari ya tura mahaya kaɗan gabas suka yi ta kai da kawowa a gaban ganuwa. Da dakarun Kurfai suka fito bin su, ya shigo da sauran ta kudu. Rumbuna bakwai ya ƙone, aikin wata biyar. Ya kalli hayaƙin yana tashi a gilashi, ya yi dariya shi kaɗai a rumfa. Dariyar ba ta yi nisa ba. Ya ɗauki wani takalmi zai ɗinka, ya soke yatsansa, ya ajiye.

Kwana biyu Saminu bai fito ba. A na uku, da Ibrah ya dawo, aka hallara gindin gawo kamar zaman gaisuwa. Saminu ya riƙe wayar a cinya, fuskarsa ta faɗa.

"Kar ka damu, Baba Saminu," in ji Ibrah. "Irin yaran nan ne na ƙasashen waje, ba dabara gare su ba. Ya zo ta gabas da yawa, ya yi sa'a ba ni nan."

Da Zakari ya yi shiru da maganar ta wuce. Amma kalmar sa'a ta tsaya masa a maƙogwaro.

"Wace sa'a? Na gabas yaudara ce, doki goma sha biyu kacal. Ta kudu aka shiga, ƙofar da kai kac ce a bari ba kowa."

Saminu ya ɗago a hankali ya dube shi.

"Ban gaya ma kowa dawaki nawa ne ba, Zakari."

Mutanen da ke tsaye suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Ibrah ma ya ce zai duba wata akuya, ya tashi.

"Wasa ne ai," in ji Zakari daga ƙarshe. "Gero na ƙarya."

"Na sani na ƙarya ne." Muryar Saminu ba ta tashi ba. "Amma kai da gaske kay yi. Shekara ashirin da bakwai kana ci na, kana dariya, ina zuwa, don ina son zama da kai. Ka taɓa tambayata ko ina jin daɗi? Na samu wuri guda inda nike gina abu ya tsaya, wani ya ce mani na yi daidai. Shi ne ka bi ni har can."

Ya tashi ya kakkaɓe rigarsa ya tafi.

Kwana goma sha ɗaya ba su yi magana ba, sai sallama a ƙofar masallaci. Habsa ba ta ce ta faɗa ba, tuwo kawai take ajiye masa ta koma. Zakari ya ɗora geron garinsa duka a kan ayari ya aika Kurfai. Washegari ayarin ya dawo da kayansa ba a taɓa ba.

Ibrah ne ya fara zuwa rumfar, da jakar magungunansa wadda maɗaurinta ya tsinke. Ya zauna yana kallon ɗinkin.

"Baba Zakari, na sake duba yaƙin nan sau uku. Ni na yi kuskuren ƙofar kudu. Wanda ya ga wannan ɓarakar, gara yana cikinmu da a ce yana waje."

Zakari bai ɗago ba. Ya so mutumin ya zo da fushi ko da gori, ya sami abin riƙewa. Sai ga shi har a wurin haƙuri ma ya fi shi. Ya ja zaren da ƙarfi.

"Saminu ya aiko ka?"

"A'a. Amma kullum sai ya tambaye ni ko ka buɗe rumfa."

Ranar Alhamis da hantsi Saminu ya zo da kansa. Bai zauna ba, ya tsaya a bakin rumfa hannuwansa a baya.

"In kana son shiga, da sharaɗi. Ni ne shugaban ƙawance. Abin da nac ce shi za ka yi, ko ka ga kuskure ne."

"Ko na ga kuskure ne?"

"Ko ka gani."

Zakari ya ce, "Na ji." Daga nan ya ƙara, da ƙyar, yana duban fatar da ke gabansa, "Abin da nay yi bai kyautu ba, Saminu."

"Bai kyautu ba," in ji Saminu, ya ja kujera ya zauna.

Kafin damina ta kankama sun mai da rumbuna biyar. Aikin farko da aka ba Zakari shi ne gadin rijiyoyi, shi da dawakinsa ɗari uku, alhali ana yaƙi a wani wuri. Ya yi gunaguni kwana biyu, ya yi gadin. Wani mai sayar da goro ya tsokane shi, ya ce ashe mai wa'azi ya tuba, yanzu wasan ya halatta? Zakari ya ce na tubalan yana da kyau ga mai jiran mota, na rumbunan kuwa kar mutum ya shiga sai ya tabbata zuciyarsa wankakkiya ce, don abin da ke ciki shi zai fito.

Da kaka aka mai da Ibrah Abala. Zakari ya raka shi tasha, ya ba shi sabon takalmi na jar fata, kuma a hanyar dawowa ya ji wani sauƙi da ya ji kunyar jin sa. Sauƙin bai daɗe ba. Da yammar ranar suna zaune shi da Saminu, aka ga wata runduna ta doso Kurfai daga yamma. Zakari ya riga ya ga yadda za a tare ta, ya matso zai yi bayani, sai Saminu ya ɗaga masa hannu ya kira Ibrah a Abala. Suka yi ta magana, Saminu na dariya yana cewa, "Ai ka ji, shi ya sa nike tambayarka." Zakari ya zauna da wayarsa a hannu, yana cizon leɓe, yana jira a gama a gaya masa inda zai kai dawakinsa.