Jinin Ladan

Takalma sun cika ƙofar ɗakin Abdulbaƙi har sun gangara bakin kwata. Tun da aka sallamo shi daga asibiti 'yan dubiya ba su yanke ba, domin shi ne ladanin masallacin 'yan kasuwar Lugbe, kuma babu mai shago a layin 'yan yadi da bai saba ajiye ciniki da jin muryarsa ba. Wannan ya zo da lemo, wancan da kankana, wani da rubutu a gora. Kowa ya tofa addu'a, ya shafa, ya ce Allah Ya sa kaffara ce.

Shi kuwa yana jingine da bango, yana amsa amin da leɓɓan da suka yi fari fat. Sankarar jini, haka likita ya kira ciwon. Ya ce ba za a ci gaba da ba shi magani ba sai ana yi masa ƙarin jini, asibitin kuma ba ya sakin leda ɗaya sai dangin majinyaci sun kawo wanda zai mayar da gurbinta. Matarsa Juwairiyya ta miƙa hannu tun a ranar, aka ce ba a ɗibar jinin mai juna biyu.

Da farko ya sha tambayar kansa abin da ya yi wa Ubangiji. Daga baya ya bar tambayar, don ya ga Wanda Ya ara masa muryar bai taɓa ce masa har yaushe ba. Roƙonsa ya koma guda ɗaya: ya kai ranar haihuwa, ya yi kiran salla a kunnen abin da za a haifa masa, da bakinsa.

Da ɗakin ya ɗan rage, sai ya riƙo hannun Wakili, shugaban 'yan kasuwar, ya faɗa masa buƙatarsa cikin jin nauyi, kansa a sunkuye. Wakili ya ce wannan ai ƙaramin abu ne, gobe bayan Azahar zai sanar a masallaci.

* * *

Ya kuwa sanar. Daga ranar takalman suka fara raguwa.

Juwairiyya takan share tsakar gida, ta shimfiɗa tabarmar baƙi, yamma ta yi ta naɗe abarta. A titin filin jirgi manyan motoci na ta wucewa da siminti da rodi, gari sai tashi yake yi sama, amma lungunsu shiru. Da Wakili ya leƙo, daga bakin ƙofa ya tsaya.

"Malam, ka san mutanenmu," in ji shi. "Wani ya ce namijin da aka ɗebi jininsa ba ya komawa daidai a gidansa. Wani ya ce ga zaɓe ya matso, wa ya san inda ake kai jinin mutane a garin nan? Ni kuma ka ga jikin girma. Amma addu'a kam, kullum muna yi."

Abdulbaƙi ya yi masa godiya. Ya nemi fushi a ransa, bai samu ƙarfin yin sa ba.

Mutum ɗaya ne ya je asibiti ya ba da jini, Philip mai gyaran janareto, maƙwabcinsu. Ya dawo da auduga a gwiwar hannu yana dariya.

"Oga ladan, shekara nawa kana tashe ni da asuba kyauta, ni da ba na salla? To yau na biya."

Ledar ta ɗaga shi kwana kaɗan, har ya taka zuwa bakin masallaci ya dawo. Amma Philip ba zai sake bayarwa ba sai bayan watanni, likita kuma ya ɗage magani, ya sake ɗagewa.

* * *

Juwairiyya ta sauka wata safiyar Laraba, 'ya mace. Kafin Azahar gida ya cika da 'yan barka. Iya, ungozomar unguwa, ta naɗo jaririyar a zani ta ɗora masa a ƙirji, don hannuwansa ba za su iya ɗaukarta ba.

Ya kai bakinsa kunnenta na dama. Kabbarar farko ta fito kamar shigar iska ta ƙasan ƙofa. Ya tattara numfashi zai ci gaba, ƙirjin ya ƙi. Yana cikin wannan kokawa sai lasifikar masallaci ta yi ƙara, sabon ladan ya ɗaga murya. Abdulbaƙi ya bar leɓɓansa a kunnen 'yarsa, yana motsa su a bayan muryar wani, har aka kai ƙarshe.

A waje maza suka tashi za su salla, kowa na laluben takalminsa a cikin tarin. A kusurwar ɗaki kuwa an ajiye sabon lemo a kan na wancan zuwan, wanda ya riga ya yamushe.